Amya Ɗaya Da Ta Rage Wa Mai Zumar Ƙaya

Shekarunta saba'in da ɗaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna aiki a garuruwa masu nisa. Ta yi rayuwarta tana wanki da guga a wani asibiti har ta yi ritaya. A unguwa ba a kiranta da komai sai Mai Zuma.

Asali ƙudajen zumar na mijinta ne. Shi ya jera amya a bayan gida, jikin katangar da ke kallon filin tsohuwar masana'anta, inda wata ƙaya mai fure shunayya take fitowa duk shekara ba wanda ya shuka ta. Dabbobi ba sa cinta, mutane suna tsine mata, amma ƙudajensa ba su da abin so kamarta. Ƙanana ne, baƙaƙe, irin na ƙasar tun kaka da kakanni. Zumar da suke yi daga furen fara ce tas, ba ta da nauyi a harshe, da ɗan ɗaci can ƙarshe.

Muddin yana raye ba ta taɓa kusantar wajen ba. Ko shanya za ta yi sai ta zagaya. Bayan rasuwarsa gidan ya yi tsit, ƙarar da ta rage a cikinsa ita ce ta bayan katanga. Wata safiya ta sa hular ragarsa, ta kunna gwangwanin hayaƙi, ta ɗaga murfin amya. Sun harbe ta a wuya da idon sawu. Washegari ta koma. Daga nan a can take shan shayinta, a kan wani kututture, tana kallon shiga da fitarsu.

Sai wata babbar gonar 'ya'yan itace ta buɗe a ƙasan hanya. Masu gonar suka kawo nasu ƙudajen daga waje a akwatuna fentattu, manya, masu ratsin rawaya. Ba su yi wa kowa laifi ba. Sai dai sabuwar sarauniyar ƙudan zuma a sama take haɗuwa da maza, kuma ba ta tambayar daga gidan wa suka fito. Kafin a jima Mai Zuma ta fara ganin ratsin rawaya a bakin amyarta. Ruwa-biyun sun fi son furen gona, zumarsu ta yi duhu. Da rani ya tsananta wasu suka watse, sauran ta kira wani ma'aikacin gonar ya kwashe. Amya ɗaya ce ta rage baƙa ƙirin, ta ƙarshe a jere, wadda ke ƙarƙashin inuwa.

Sarauniyar wannan amya ta tsufa. Da Mai Zuma ta buɗe a farkon fure, ta ga ƙudajen sun soma gina ɗakin sabuwa a gefen saƙa. In sabuwar ta tashi neman maza daga wannan gida, irin ya ƙare ke nan.

Ƙanin mijinta, wanda kowa ke kira Direba saboda tsohuwar a-kori-kurarsa, shi ya zo da maganar. Ya same ta a kan kututturen.

“Matar Yaya, har yanzu kina gadin mayaƙan naki?”

“Su sun fi ka zumunci. Kullum suna gida.”

“To ai ni ba na harbi.” Ya zauna nesa-nesa, ya janye ƙafa. “Akwai wani tudu can bayan madatsar ruwa, filin surukina ne. Duwatsu ne da wannan ƙayar taku, ko akuya ba ta hawa. Babu gona kusa, babu akwatin kowa.”

“Da nisa?”

“Mota biyu za ki hau, sannan ki taka.”

Ta riƙa juya kofi a hannunta. Ya gane abin da take lissafawa.

“Ko ki bar su nan. Ƙuda ƙuda ne, baƙi ko rawaya. Za ki ci gaba da jin ƙararsu dai.”

“Yayanka daga hannun babanku ya karɓe su,” in ji ta.

“Na sani. Ni ne suka fara kumbura wa ido.”

Ta kira babbar 'yarta a waya don ta ji ta bakinta. 'Yar tana cikin hayaniyar ofis. “Inna, duk yadda kika gani. Kin dai sha maganin gwiwar?” Ta ce ta sha.

Da sassafe, kafin ƙudajen su fara fita, ta toshe ƙofar amyar da raga, ita da Direba suka ɗaure ta da igiya, suka ɗora a bayan mota bisa tsohuwar katifa. Ta ƙi zama gaba. A baya ta zauna, hannunta ɗaya a kan murfin, tana jin gurnaninsu a tafinta duk ramin da motar ta faɗa.

“Direba, ba buhun siminti ka ɗauko ba!”

“Matar Yaya, ko ranar da na ɗauko ki amarya ban yi tafiya a hankali haka ba.”

Tudun ya cika da fure, shunayya har inda ido ya tsaya. Suka aza amyar a kan duwatsu, bakinta yana kallon gabas, ta cire ragar. Ƙudajen suka fito suna kewaye a sama, suna koyon sabon wuri. Ba wanda ya bi ta kanta. Ta tsaya har sai da Direba ya danna hon.

Yanzu a ɗaki take shan shayi, rediyo a kunne ko ba ta saurare. Bayan gidan babu komai sai bulullukan da amya suka zauna a kai. Ƙayar filin masana'anta ta yi fure ta bushe, masu ratsin rawaya ne kawai suka ɗan leƙa ta.

Ranar Talatar da ta wuce ta hau motocin biyu ita kaɗai, ta taka tudun tana hutawa a kan duwatsu. Ta busa hayaƙi, ta ɗaga murfi, ta zaro saƙa ta tsakiya. Sabuwar sarauniya ta yi ƙwai, 'ya'yan farko sun fito, jikinsu da laushin gashi. Ta juya saƙar a rana, ta duba gaba da baya. Baƙaƙe ne duka.

Ta waiga kamar za ta gaya wa wani. Ta ciro waya ta kira Direba, aka ce ba a samun layinsa. Ta mayar da saƙar, ta rufe, ta ɗora dutse a kan murfin saboda iska. Sannan ta gangaro bakin titi, ta zauna a kan jakarta tana jiran motar komawa.