Jan Biro a Kolokondé

Na tafi ƙasar Benin da jaka ɗaya, da Faransancin da na koya a makaranta, da girman kai wanda ya fi jakar nauyi. Ina koyarwa ne a wata kwalejin horon malamai a Najeriya lokacin da aka ce ana neman masu ba da kansu na shekara guda, ba albashi sai ci da wurin kwana, su taimaka wa malaman firamare na arewacin ƙasar. Ban jira an gama karanta takardar ba na ɗaga hannu. Shekaruna talatin da ɗaya, kuma a ganina ba abin da ya rage a harkar koyarwa wanda ban sani ba.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne, kowa sunansa kamarad, daga direban mota har mai duba makarantu. Aka sauke ni a Titirou, cikin Parakou, a gidan wani Alhaji, dattijo ɗan kasuwa wanda fataucin goro ya kawo kakansa garin. Ya riƙe ni kamar ɗansa, tsiya ma irin ta uba yake yi mini. Aikina kuwa a Djougou yake. Ina da malamai goma sha ɗaya da nake tarawa ranar Asabar, sauran kwanaki in bi su ƙauyukansu in ga yadda suke koyarwa.

Cikinsu akwai malamin Kolokondé. Mushe ake ce masa, wato "monsieur" na Faransanci a bakin mutanen garin, kamar kowane malami a can, ni ma haka nake kiransa. Ya girme ni da kusan shekara goma, mutum ne mai sanyin magana. Shekara goma sha biyar yana koyarwa a matsayin malamin wucin gadi. Sau biyu ya faɗi jarrabawar tabbatar da aiki, ta uku ce ke tafe, kuma daga ita babu wata. In ya faɗi, sai ya kwashe matarsa da 'ya'ya biyar su koma gona. Saura mako uku mai duba makarantu ya zo ya kalli darasinsa, ya kuma duba kayensa, wato babban littafin da malami ke shirya darussa a ciki, mai lamba a kowane shafi da hatimin hukuma a farko da ƙarshe.

Na ce lallai sai na taimaki bawan Allahn nan. Ranar da na je, bayan an tashi daga aji yara sun tafi gonar doyar makaranta, na karɓi kayen na zauna a gindin mangwaro, na zaro jan birona. A kwalejinmu jan biro alamar kulawa ce. Ɗalibin da littafinsa ya dawo fari fat, fushi yake yi, ya ce malam bai damu da shi ba. Don haka na zage, na bi shafi-shafi, nan na ja layi, can na sa alamar tambaya, wani wurin na cika gefen shafi da shawara. Mushe yana tsaye a kaina, hularsa a hannu. Da na gama ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Malam." Ya kai ni gidansa, matarsa ta kawo sakwara da miyar wagashi, wato cukun nonon shanu, na ci har na nemi ƙari.

Da na koma Parakou, bayan sallar la'asar, na zauna ina ba Alhaji labari, ina jiran yabo. Sai na ga ya ajiye goron da yake shirin ɓarawa.

"Da ja ka rubuta? A cikin kaye mai hatimi?"

Na ce, "Da ja mana, Baba. Da me ake gyara?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka yanka mutum, shi kuma ya ba ka sakwara."

'Yarsa malama ce, ya san abin. Ya ce a lardin nan ba mai sa ja a kayen malami sai anspektar, wato mai duba makarantu, shi ma sai in laifi zai rubuta. Duk wanda ya buɗe ya ga ja, hukunci ya gani. Ga shi ni hukuma ce ta kawo ni, ba wanda zai ɗauki rubutuna wasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari na bi motar kaya zuwa Djougou, ina ta saƙa da warwara. A yage shafukan ba zai yiwu ba, da lambobinsu. A sake kwafe littafin, ba hatimi. A ce ya ɓata kuwa, wannan ya fi jan muni.

Ranar Asabar na tsaya gaban malamaina na faɗi abin da na yi, na roƙi Mushe gafara, na ce zan je wurin anspektar in yi masa bayani. Malamar Bariénou ce ta tare ni. Ita ce babbarsu, mace mai kaifin baki, wadda tun zuwana take gyara mini Faransanci a gaban jama'a.

Ta ce, "Kamarad, in ka je, ka nuna masa inda zai duba ke nan. Zauna."

Na zauna. Ta buɗe jakarta, ta ciro nata kayen, ta ɗora a kan tebur a gabana.

"Karanta nawa. Da jan nan naka."

Na ce ba zan ƙara ɓata wa kowa littafi ba.

Ta ce, "Ba koya mana ka zo yi ba? To, koya mana duka. In ja yana kaye ɗaya, laifin mutum ɗaya ne. In yana goma sha ɗaya, aikin baƙo ne wanda bai san garin ba, kuma kowa ya san ba ka sani ba."

Aka yi dariya kaɗan. Sai na ga ana tasowa ɗaya bayan ɗaya ana ajiye littattafai. Na ƙarshe wani malami ne wanda tasa jarrabawar ke zuwa baɗi. Ya jima yana juya kayensa a hannu, na ga tsoro ƙarara a fuskarsa, amma ya taso ya ɗora a kan sauran. Ba wanda ya san yadda anspektar zai ɗauki abin. Aikinsu suka ajiye a kan teburin nan saboda ɗan'uwansu, da kuma wautar da ni na tafka.

Kwana huɗu na yi a kan littattafan. Malamar ta hana ni yin na jeka-na-yi-ka, ta ce in dai za a ɓata mata shafi, to a ɓata shi da abin da zai amfane ta. A nan na gane cewa rabin dabarun da na zo da su, suna da waɗanda suka fi su. Ita da ƙwallon kaɗanya take koyar da rabawa, yaranta kuma ba sa mantawa. Na kwafi wannan a nawa littafin, na yi shekaru ina koyar da shi a gida.

Ranar jarrabawa ba a bar ni na shiga aji ba, a waje na zauna ina jin muryar Mushe ta taga. Anspektar ya riga ya bi ta Bariénou da wasu makarantu biyu, ya ga ja har ya gaji. Da ya fito ya tsaya a kaina, ya ce, "Kamarad, a ƙasarku jan tawada kyauta ake raba ta?" Bai jira amsa ba ya shiga mota. Bayan wata biyu takarda ta zo, an tabbatar da Mushe a aikinsa.

Har yau in na tuna mutanen nan goma sha ɗaya sai in yi musu addu'a, don sun rufa mini asiri a ƙasar da ban da kowa. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai, sai da na zo yin sallama na tambaya. Ni da Mushe muna tsaye a bakin hanya muna jiran mota.

Na ce, "Mushe, kana tsaye a kaina ranar nan, ka san abin da jan ke nufi. Me ya hana ka riƙe hannuna?"

Ya dubi hanya. Ya ce, "Na yi niyya, Malam, a shafin farko. Sai na ga kana karantawa. Shekara goma sha biyar ina rubuta kayen nan, duk wanda ya zo hannu kawai yake sawa a ƙarshe ya tafi. Ban taɓa ganin wanda ya karanta ba. Sai na ce bari in bar ka ka kai ƙarshe."