Halidu Mai Makulli da Shinkafar Inna Halimatou

Halidu ɗan Madawa ne, kuma ba gyaran ƙofa ya kawo shi Yamai ba. Albasa ce ta kawo shi. Yana saurayi ya hau bayan wata babbar mota, bisa buhunan albasa, da niyyar koyon tuƙi. Motar ta iso gari da ƙyar, ta mace a bakin gudron, wato kwalta, a unguwar Talladje. Direban ya tafi neman kayan gyara, ya bar Halidu gadi. Abin da ke gabansa a tsallaken hanya jerin butik-butik ne masu rido, wato ƙofar ƙarfen nan da ake naɗewa sama da safe, a sauke da yamma.

Kullum bayan asuba sai ya ji su suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Wata da gurnani, wata da kuka kamar akuyar da aka taka wa ƙafa, wata kuwa shiru, sai dai ka ga haske ya shiga shago. Idan wata ta ƙi tashi, wani tsoho ake kira, Baba Ousmane, ya zo da jakarsa da tsaninsa. Zaman banza ya ishi Halidu, ya fara riƙe masa tsani. Ranar da motar albasa ta tashi, Halidu na saman tsanin nan, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Ya ji ƙarar injin, ya waiwaya ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ya ci gaba da abin da yake yi.

A hannun tsohon ya koyi yadda ake ɗaure resor, ƙarfen nan mai murɗewa da ke ɗaukar nauyin rido, ba tare da ya kufce ya fasa wa mutum fuska ba. Ya koyi miƙe hanyar da rido ke bi idan mota ta goge ta, da ciro karyayyen makulli daga cikin kwado, da daidaita ƙofar gilashin farmasi idan ta fara jan ƙasa. Da tsufa ya ci ƙarfin Baba Ousmane, ya koma ƙauyensu, ya bar masa jakar da tsanin da mutanen da suka saba kiransa.

Halidu ya yi aure, ya kama ɗaki a Talladje, aka haifa masa ɗiya Anisa, ya sayi tsohon moto, wato babur. Daga Yantala har bakin hanyar filin jirgi an san shi. An kuma san ba shi da sauri. Mutum ne da zai tsaya da guduma a hannu yana kallon tattabaru a kan wayar wuta, har sai mai shago ya yi gyaran murya. Abin da ya fi so a aikin shi ne lokacin da ƙofa ta buɗe, iskar da ta kwana ciki ta fito ta same shi. Ta shagon tela warin sabon yadi ne da man keke. Ta mai turare tana sa shi tuna akwatin uwarsa. Yakan lumshe ido kaɗan, sannan ya tattara kayansa. Ba ya shiga. Matarsa Jamila, wadda ke sayar da kopto, kwaɗon zogale, a ƙofar gida, takan ce ita dai ta auri mutumin da ke tafiya da ƙafafunsa, amma rabinsa na wani wuri.

A haka ya yi furfura. Sai shekarar da kogin Isa, babban kogin da ya ratsa Yamai, ya cika ya fasa ganuwar ƙasar da ke tare shi, ya shiga unguwar Saga, ya cinye gonakin shinkafa da gidajen laka, ya kori mutane zuwa ajujuwan lakwal, wato makaranta. Da ruwan ya fara janyewa, wayar Halidu ba ta huta ba, domin duk ƙofar da ta sha ruwa ta ƙi buɗewa.

Wata safiya wata dattijuwa ta kira shi. Hausarta irin ta Zabarmawa ce, a hankali, tana zaɓen kalma. Ta ce sunanta Halimatou, tana da butik a Saga, ta zo ta tarar kwadunan sun ƙi karɓar makulli.

Ya tafi da moto har inda hanya ta ƙare, ya jingine shi a gindin wata bishiyar dogon yaro, ya naɗe wando, ya ɗora jaka a ka. Unguwar ta yi tsit. Ruwa ya bar zane a jikin bangaye daidai ƙirjin mutum, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya. Balbela na tsaye a kan teburin wani mai shayi. A wani lungu kwalekwale ne zaune a tsakiyar hanya, babu kowa ciki. Halidu na tafe cikin taɓo mai ɗumi, yana jin kamar garin barci yake yi, shi kuma ya shigo cikin mafarkinsa bisa kuskure.

Ya tarar da ita zaune kan bulo a gaban wani rido mai shuɗin fenti, ƴar siririyar tsohuwa da carbi. Ta gaishe shi da Zabarmanci.

"Fofo, ɗana. Ka sha taɓo."

"Ba komai, Inna. Me ke ciki?"

"Iri. Irin shinkafa nake sayar wa manoma. Yanzu kuwa ban san me ke ciki ba."

Ya durƙusa. Kwadunan biyu cike suke da laka, tsatsa ta haɗe su da kunnuwan ƙofar. Ya wanke su, ya ɗura musu gazuwal, man manyan motoci, ya zauna jira. Ɗaya ya buɗe bayan an lallaɓa shi, ɗayan sai da zarto. Duk da haka rido bai motsa ba. Yashi ya toshe hanyoyin gefe. Ya bi su da waya yana ƙwaƙulewa, yana zuba mai, yana ɗan bubbugawa da guduma. Ita kuma tana ba shi labari ba tare da ya tambaya ba: mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya na Kwatano, ɗayan na fama da nasa gidan da ya rushe.

Wajen hantsi ya sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙofar ya ce bismilla. Ta yi gurnani, ta ɗaga kamu ɗaya, ta tsaya, sannan ta tafi sama gaba ɗaya tana zubo musu tsatsa a ka.

Ya yi tsammanin warin ruɓa. Warin na nan a ƙasa, inda buhuna suka nutse suka yi baƙi. Amma bisa shi akwai wani ƙamshi, ɗanye, irin na ciyawa bayan ruwan farko. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga buhunan da ke kan katakon sama, waɗanda ruwa bai kai gare su ba sai dai laima. Duk sun tsiro. Tsiron ya huda buhunan ta kowace kafa, fari fat kamar gemun tsoho, siraran saiwoyi na reto ƙasa. Ta wajen da wani ɗan rami a kwanon rufi ke shigo da haske kuwa, tsiron ya yi kore, duk ya karkata can kamar masu sauraron magana. Iskar da ta shigo ta kaɗa shi a hankali.

A karo na farko Halidu ya taka cikin shagon da ya buɗe. Ya shafa buhu ɗaya da tafin hannu. Da ɗumi, kamar jikin dabba.

Inna Halimatou ta tsaya bayansa. Ta ciro tsiro ɗaya, ta duba saiwarsa, ta sa a baki ta ɗanɗana.

"Tana da rai," in ji ta. "Amma ba za ta jira ba. In ba ta ga ƙasa yau ko gobe ba, shi ke nan."

"To, a kira manoma mana."

"Wane manomi? Kowa na neman inda zai kwantar da ƴaƴansa." Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ina da fili a can tudu, ruwa ya sauka daga kansa. Kai kana da baya, ni ina da sani."

"Inna, ni ko gero ban taɓa nomawa da kirki ba."

"Ai ɗauka kawai za ka yi. Sauran zan nuna maka."

Ya buɗe baki zai ce ana jiransa a Yantala, wani mai sayar da wayoyi ya kira shi tun safe. Ya sake kallon buhunan. Sai ya ajiye jakarsa a kan katako, ya juya baya, ya ce ta taimaka masa ya ɗora.

Yinin ranar ya yi shi cikin taɓo har gwiwa. Suna farke buhu, suna warware curin tsiron da yatsu don kada saiwa ta karye, suna shimfiɗawa a kan laka. Wayarsa na can bakin gona cikin aljihun riga tana ta kuka, yana jin ta nesa-nesa kamar wani tsuntsu. Sararin sama na kwance cikin ruwan filin, gajimare na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa.

Da ya koma gida, Jamila ta dube shi da kyau.

"Baban Anisa, ƙofa ka je gyarawa ko rijiya ka faɗa?"

"Shinkafa na shuka."

Ta kawo masa ruwan wanka. Sai da ya ci abinci ta ce, "Ta wa?" Ya ba ta labari tun daga farko. Ta ce Allah ya sa ta yi, amma gobe ya fara zuwa Yantala.

Haka aka yi. Da safe ƙofofi, da la'asar Saga. Tsohuwar ta koya masa dashe, da yadda ake buɗe wa ruwa hanya a toshe, da korar tsuntsaye da gwangwani a igiya. Shi kuma ya sake mata resor, ya sa mata sababbin kwaduna, ya ɗaga kunnuwan ƙofar sama kaɗan. Wasu daga cikin masu kiransa sun gaji da jira sun nemi wani. Bai ji haushinsu ba.

Shukar ba a kan lokacinta aka yi ta ba. Sanyi ya riske ta tana fidda kai, ya sa da yawa daga zangarniyar ta fito fanko. Abin da suka girbe bai taka kara ya karya ba. Inna Halimatou ta raba shi biyu a kan tabarma, ta tura masa rabi da ƙafa, ta ce ba ta son musu.

Har yanzu Halidu na gyaran ƙofofi, kuma har yanzu yana da ɗan yanki a filin tsohuwar, inda yake zuwa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Waccan shinkafar ta farko kuwa, Jamila ce ta surfa ta a turmi. Ta fito ƙanana, a kakkarye, da ɗan ja-ja. Ta dafa ta da miyar yakuwa da busasshen kifi, ta aika wa maƙwabta, ta cika kwano guda ta ɗaure da ɗankwali. Halidu ya ɗora shi a gaban moto, Jamila ta hau baya, domin ta ce lokaci ya yi da za ta ga matar nan da idonta. Suka tarar da ita a ƙofar butik tana auna wa wani manomi iri. Matan biyu suka gaisa, ɗaya da Hausa ɗaya da Zabarmanci, suka zauna suka sa hannu a kwano ɗaya. Halidu ya samu bulo ya zauna daga gefe, yana sauraron hirarsu, har barci ya ɗauke shi a zaune.