Tatsuniyar da Ba a Yi Sai a Bakin Ruwa

Karatuna bai yi nisa ba, wannan ba sai an tona ba. Tsohon direban tirela ne ni, wanda 'yarsa Bilkisu, likita a Birmingham, ta ɗauko daga Kaduna ta ajiye a ɗakin ƙasa a Sparkhill, kusa da hita, kamar tulun da ake tsoron ya fashe. Amma akwai bincike guda da na shekara sittin da ɗoriya ina yi, kuma ban ga mai digirin da ya kai ni naci ba. Binciken shi ne: me ke bayan ƙofar nan ta cikin tafki?

Ina ɗan shekara shida aka turo mahaifinmu Manchester koyon aikin injinan masaƙa. Ya kwaso mu duka, har da mahaifiyarsa, Kaka Tabawa, wadda ta rantse ba za a kai mata jikoki ƙasar da ba a san daddawa ba tana zaune tana kallo. Shekara huɗu muka yi a Rusholme, a wani siririn gida mai jan bulo. Dokar Kaka ita ce ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata a hanya. Sai ga ta a garin da, in sanyi ya shigo, duhu ke rigan yara dawowa daga makaranta. Ta ga abin ya yi mata daidai. Ni da yayata Asabe mukan zauna gaban murhun kwal, gabanmu na gasuwa bayanmu na daskarewa, ita kuma tana zuba mana su ɗaya bayan ɗaya, tana mulmula zare a cinya.

Guda ɗaya ce ta hana mu a gidan nan. "Wannan ta masu ruwa ce," in ji ta. "Ba a zancensu inda ba sa ji, sai su ɗauka gulmarsu ake yi."

Ruwan kuwa sau ɗaya muke ganinsa a shekara. Baturen da ke koya wa Baba aiki yana da wani ɗan gidan katako a bakin wani tafki can arewa, yakan ba mu mabuɗi mu yi mako guda lokacin hutun zafi. Gidanmu muke ce masa, ba wanda ya taɓa gyara mana. To a nan fa aka yi mini dabaibayi. Lokacin zafi a ƙasar nan rana ba ta san sallama ba. A ci tuwo, a wanke kwanuka, a hura wuta, ƙarfe tara ta wuce, tana nan tsaye a kan duwatsu. Kaka ta fita ƙofa ta riƙe ƙugu ta harare ta.

"Ita wannan ba ta da gidan komawa ne? Ko korar ta aka yi?"

Sai duhu ya rufe ruf sannan ta gyara zama ta ce, "Wata ta taso daga nesa." Mu ce, "Ta iso mu ba ta wurin zama."

Wai wani mai ɗinkin ƙwarya ne, mutum mai shegen son sani. Wata shekara tafkin garinsu ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, kowa ya ɗaure kaya ya tafi neman ruwa. Shi kuwa aikinsa ya koya masa in ya ga tsaga ya bi ta har inda ta faro. Ya yi ta bi, ya yi ta bi, har tsakiyar tafkin. Nan ya tarar da ƙofa kwance a ƙasa, wani tsohon kwaɗo na zaune a kanta. Kwaɗo ya ce, "Duk wanda ya zo nan, ina ruwa yake tambaya. Kai me ka kawo?" Ya ce, "Ni so nake in san wa ya ɗinke gefen ƙofar nan, don ɗinkinsa ya fi nawa." Kwaɗo ya yi dariya har ya shaƙe. Ya ba shi fasasshen ƙwan zabuwa ya ɗinke, ya ba shi tsagaggen ƙahon sa ya ɗinke, Kaka kuma ba ta tsallake ko ɗinki ɗaya, sai ta soka ta ja, ta soka ta ja. Daga ƙarshe kwaɗo ya sauka. Mutumin ya kara kunne a ƙofar, sai ya ji ana kiransa daga ciki da sunan da uwarsa kaɗai ke kiransa da shi. Ya miƙa hannu ya kama zoben ƙofar.

Iyakar ilmina ke nan. Kullum a nan barci ke ɗauke ni, sai in farka da safe a kan gado, ban san wa ya kai ni ba. In roƙe ta, ta nuna mini rana. In ce to yau a fara daga wajen kwaɗo, ta ce, "Haba mai gidana, mutum bai fito daga gida ba, ta yaya zan ajiye shi a tsakiyar tafki?" Na gwada tsinken kaina, na gwada zama a kan tsakuwa. Damina huɗu, ko kuwa in ce zafi huɗu, ban ƙetare zoben nan ba.

Asabe ta girme ni da shekara uku, idonta kuwa kamar na mujiya. Da safe ta zo tana taunar burodi tana girgiza kai. "Kai, Ɗanlami, ka yi asara. Ashe abin da ke ciki ke nan!" In ce mene ne, ta ce rana ce. Muka koma gida Najeriya, ba a jima ba Kaka ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Aure ya dawo da Asabe Manchester. Tun zamanin wasiƙa har zuwa na waya, duk sanda na taso da zancen sai ta ce, "A bakin ruwa kake?"

Bana na ji Bilkisu tana waya da ɗan Asabe a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Su a tunaninsu tsufa ya toshe mini kunne. Wai Gwaggo Asabe ta fara mantuwa, ta sa buta a firiji, ta kira jikarta da sunan wata da ta daɗe da rasuwa, likitan unguwarsu ya ce a sa ido. Na fito da hulata a kai.

"Likita, a zuba mai. Gobe za mu tafki."

"Wane tafki kuma, Baba?"

"Bincike ne. Ba fanninki ba ne."

Muka ɗauki Asabe muka fara ratsawa ta Rusholme. Wilmslow Road ta zama gidajen abinci tun daga wannan kai har wancan, bas na bin bas, ƙamshin gashi ko'ina. Ni da na yi shekara arba'in ina gane hanya ba taswira, na tsaya ina juyi kamar baƙon kasuwa. Asabe ce, wadda aka ce tana mantuwa, ta ce, "Sha kwana hagu. Ga shi can, mai kekuna a ƙofa." Ɗalibai ne a ciki yanzu. Gidan da na riƙa ba abokaina labari a tasha wai fada ne, ashe in na buɗe hannuwa sai in kusa taɓa bangonsa biyu.

Gidan tafkin ma yana nan, an yi masa farin fenti da ƙatuwar taga, ana ba masu yawon hutu haya. Matar da ke ciki ta ji bayanin Bilkisu, ta ce mu zauna a bencin bakin ruwa yadda muke so. Na ce, "To Yaya, ga ruwa." Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce, "Ga kuma rana."

"Gwaggo, ina da shift gobe da safe fa," in ji Bilkisu.

"Ki gaya wa ranar."

Muka zauna jira. Ni da yanzu ko labarun ƙarfe takwas ba na kaiwa ƙarshe, na sha kofi biyu na baƙin shayi, na fasa goro, na cire rigar sanyi don iska ta riƙa marina. Muka yi magariba wajen ƙarfe goma. Da duhu ya rufe, Asabe ta gyara mayafi ta fara. Wallahi ko ɗinki ɗaya ba ta tsallake ba. Ƙwai, ƙaho, dariyar kwaɗo. Mutumin ya kara kunne, ya ji sunansa, ya kama zobe. Sai ta yi shiru.

Na ce a raina, mun makara, mantuwa ta tafi da ƙarshen labarin.

"Kada ka dube ni haka," ta ce. "Ban manta ba. Ban taɓa sani ba ne."

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Kai za ka ji. In an zo nan sai Kaka ta leƙa fuskarka, ta ga bakinka a buɗe, ta ce, a'a, mai gidana ya yi barci, ba a buɗe ƙofa ba ya nan, sai gobe. In yi kuka, in yi birgima, ta ce ba ta raba wa jikoki abu ɗaya ya ci ɗaya ya ji labari. Ni da na iya zama, ni ka cuta, magen barci kawai. Shi ne na ce sai ka biya."

"Shekara sittin?"

"Da niyyar in kai saba'in na yi. Amma na ji abin da yaran nan ke faɗa a kaina. Gara ka ce ni maƙaryaciya ce da ka ce na manta."

Bilkisu ta juya wajen ruwa tana gyaran ɗankwali, wai iska ce ta shigar mata ido.

Na daɗe ina zaton ko wani darasi ne a bayan ƙofar, na haƙuri ko na illar shisshigi, irin wanda ake rufe tatsuniya da shi, kuma rashinsa ne ya sa na tashi haka. Yanzu ina ganin darasin a gabana aka yi shi kowane dare, ni ne dai ba na farke. Tsohuwa ta jira rana ta faɗi, ta ja labari har inda ya fi daɗi, ga mai sauraro ido biyu tana roƙo, amma ta haɗiye sauran saboda ƙaramin cikinsu ya kasa. Ta tafi da shi kabari tana jiran goben da zan iya zama. Na yi rayuwa ina ƙorafin an bar ni a baya, ashe ni ake ta jira.

A hanyar dawowa Asabe ce ta yi barci, kanta a kafaɗata, tun kafin mu hau babban titi. Bilkisu ta soma ba ni labarin wani abin dariya da ya faru a asibitinsu. Na ce ta riƙe shi tukuna, sai gwaggonta ta tashi.