Kwandon Kawu Kiyari Mai Gindi

Duk wanda ya san Kawu Kiyari ya san bai taɓa miƙa wa mutum abu hannu da hannu ba. Jifa yake yi. Ka roƙe shi goro, sai ya ja da baya, ya runtse ido ɗaya, ya auna aljihun rigarka. Goron ya faɗi cikin rairayi, shi kuma ya ce, "Kai ka motsa!"

Wannan ciwo daga soja ya kwaso shi. A barikin Faransa ya ga wasan da ake jefa balo, wato ƙwallo, cikin kwando, ya dawo Gure da shi, tun kafin yaƙin Jamus na biyu. Ya sa dukawa suka ɗinka masa balo da fatar akuya, aka cusa tsumma. Kwando kuwa na matarsa ne, Ya Fanna, ya ɗaure shi can saman aduwar ƙofar gida.

Shi da bakinsa ya faɗa mana, mu yaran unguwa, kwandon Nasara ba shi da gindi, balo wucewa take ta faɗo. Muka ce to a yanke gindin wannan.

"A yanke me? Kwando lafiyayye? Nasara almubazzarai ne, ni ba na cikinsu!"

Saboda haka duk sanda balo ta shiga, sai an hau aduwa an ciro ta. Wa zai hau? Ni, Mele, ɗan ƙanwarsa, tunda ni ne gajeren cikinmu, wai ƙaya ba ta da wurin kamawa a jikina. Ƙarya ne wallahi, ga tabo nan har yau. Ran kasuwa kuma babu wasa, don Ya Fanna na zuwa da kwandonta sayen kuɓewa.

Sai dokar buga balo a ƙasa. Kawu ya ce ba a gudu da ita a hannu, sai ana buga ta tana tashi. To tsumma a kan yashin Gure ina zai tashi? Ka sake ta, ta kwanta kamar jaki ya ƙi hanya. Kawu ya yi tunani, ya ce mu riƙe ta muna gudu muna cewa "dum, dum, dum" da baki. Wanda numfashinsa ya yanke, ya yi laifi. Wani Buzu da ya tsaya da raƙuminsa yana kallonmu ya tambayi liman ko ba za a yi wa yaran nan rubutu su sha ba.

Amma abin da ke tara mu shi ne bayan la'asar, idan ya zauna yana ba mu tarihin gwanayen wasan. Akwai wani wai shi Dogo Piyar, wanda kowane mako sai ya ƙara tsawo, har ya kai yana cin abinci a kan soro yana tsaye a ƙasa. Kuma dukkansu, abin mamaki, da kiwon awaki suka fara, kuma kowannensu yana ɗebo wa kawunsa ruwa.

"Kawu, a Faransa ma ana kiwon awaki?"

"Har da takalma suke sa musu. Tashi ka cika mini buta."

Mu ma yakan yi mana tarihi, amma sai wanda ya jefa ta shiga. Ranar za ka ji, "An haifi Bukar a Gamu, yana jariri ya jefi kaza da ludayi." Bukar ya yi ta kumbura. Kowa ya samu nasa, har Lawan mai hararagarke. Ni kaɗai ban taɓa jefawa ta shiga ba. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina, don ni maraya ne, kuma ina so in ji wani ya faɗi inda aka haife ni a gaban mutane. Na roƙe shi, ya ce, "Doka doka ce. Ko sarsan ɗinmu na soja bai isa ba."

Har na yi gemu ban samu ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka sauko da kwandon, aka ajiye gaban tabarmarsa, aka kira mu duka. Ya ce in jefa. Taku ɗaya ne tsakanina da kwandon, jama'a, amma hawaye ya rufe mini ido. Na jefa, ta bugi baki, ta mirgina gefe.

"Innalillahi! Wannan yaro!" in ji shi. Ya lallaɓa ya ɗauki kwandon ya kife a kan balon. "Ta shiga. Doka ta ce balo cikin kwando, ba ta ce wanne ne zai je wurin wani ba."

Sannan ya gyara murya. "An haifi Mele a Gure, a ɗakin can. Uwarsa ta riƙe shi kwana kaɗan ta bar mini. Gajere ne, bai iya jifa ba. Amma da ba ya hawa, da wasa ɗaya ba a gama ba. Kawunsa bai haihu ba, kuma bai taɓa jin rashin ba."

Allah Ya jiƙan Kawu Kiyari, Ya yafe masa ƙaryar Dogo Piyar, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.