Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina a Gaban Alƙali

Tsufa ya sa ina manta inda na ajiye carbina, amma ranar da na durƙusa a gaban alƙalin Gaya saboda ɗan farina, wannan kam sai dai in an rufe ni da ita. Yau kaina ya yi fari fat, ga jikoki har da tattaɓa-kunne, amma in na tuna sai in ga kamar yanzu ake yi.

A lokacin ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba. Ina aure a Gafasa, gidanmu kuma yana Ajingi. Zama bai yi daɗi ba, ba kuma zan tona ba, tunda mutumin ya riga mu gidan gaskiya. Ya sake ni ina goyo, na dawo gida da yaro a baya, na yi idda na gama.

'Yan matan yanzu da kuke rangaɗa wa ɗan fari kira a tsakiyar kasuwa ba za ku gane ba. Mu a zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka sai ki kau da kai har sai wata ta ce, "Ke, ɗauki yaron nan ki ba shi mana." Ni kuwa tawa kunyar har ta yi yawa, ana ta yabona da ita. "Yaron nan" kawai nake ce masa, ta ciki na ciki.

Da ya isa yaye, sai gwaggonsa, yayar ubansa, ta zo ta ɗauke shi. Ba wanda ya ga laifi, haka ake yi. Ita a Kurmi take zaune da mijinta mai fataucin goro, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ganin gida ne. Nono ya ƙafe, kwanaki suka yi ta tafiya, ba a dawo da yaro ba. Ran kasuwar Ajingi wata mai sayar da daddawa daga Gafasa ta shigo gidanmu shan ruwa, ta sake baki ta ce ai ubansa ya ba gwaggon riƙonsa, da an gama cirar gyaɗa mijinta zai zo su tafi da shi. Kurmi fa a wancan zamani! Mutum in ya tafi sai a shekara ba a ji ɗuriyarsa ba.

Na rasa bakin yi wa kowa magana. Inna ce ta ɗan taɓa wa Baba zancen, ya ce, "Ɗa na ubansa ne. Ta yi haƙuri, Allah zai ba ta wasu." Shi ke nan, an rufe magana. Gyaɗa kuwa ganyenta har ya soma yin ɗige-ɗige, alamar cira ta kusa.

Ina da kawu, ƙanen Inna, malami ne mai karantar da manya fiƙihu a zaurensa. Wata rana aka aike ni na kai masa fura, ya dube ni ya ce, "Ke, ciwo kike yi? Duk kin lalace haka." Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce, "Yaron ne?" Ai sai kuka ya ƙwace mini, furar ma saura kaɗan in kifar da ita.

Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, "Saurara, 'yar nan. Abin da ake yi a gari daban, abin da shari'a ta ce daban. Dangantaka ta uba ce, ci da sutura a kansa suke. Amma riƙon yaro ƙarami na uwa ne muddin ba ta yi wani auren ba, in ma ta yi, hannun mahaifiyarta zai koma kafin a zo kan gwaggo. Balle uban ba shi ne zai yi ƙaura ba, kyauta zai yi da shi." Wallahi ban taɓa jin haka ba tun da uwata ta haife ni. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kawu bai fara da kotu ba. Ya hau kekensa ya je Gafasa neman sulhu, suka karɓe shi da mutunci, suka ce magana ta riga ta ƙare. Sannan ne ya kai ni Gaya aka shigar da ƙara, aka aika musu sammaci. Baba ya yi faɗa kamar zai ari baki, wai 'yarsa a kotu, da wane ido zai dubi mutane. A motar kasuwa, ran da za a zauna shari'ar, Kawu ya ja mini kunne. "Zan tsaya kusa da ke, amma alƙali ba bakina zai saurara ba. Haƙƙin naki ne. In kika yafe, ya yafu." Na ce to.

Da muhuti, wato magatakardan alƙali, ya kira mu, na shiga na durƙusa a gefen tabarma. Ina ɗaga ido sai ga tsohon surukina, uban mijin, mutumin da ban taɓa buɗe baki a gabansa ba sai gaisuwa daga nesa. Ga ɗansa a bayansa. Can bakin ƙofa ga gwaggo a tsaye, da yaron goye a bayanta.

Tsohon nan ya iya magana. Bai zage ni ba, ina ma ya zage ni! Cikin taushi ya ce, "Allah ya gafarta malam, yarinyar nan mun san ta, mai kunya ce, 'yar mutunci. Tun da aka kawo yaron nan ba ta taɓa aikowa a dubo mata shi ba. Wannan ƙara ba tata ba ce, kawunta ne ya zuga ta."

Kawu ya yi gyaran murya, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya juyo gare ni ya ce, "Ke kika kawo ƙara, ko sa ki aka yi? Me kike nema?"

Ta yaya zan ce ina son ɗan farina a gaban suruki, a gaban maza cike da ɗaki? Sai na ji bakina, shi kaɗai, ya faɗi abin da aka koya masa tun ina ƙarama: "Duk abin da manya suka yanke daidai ne."

Na ji Kawu ya yi salati a hankali. Alƙali ya dube ni ya sake tambaya, na sunkuyar da kai. Ya ce, "To. Tunda mai haƙƙi ta bar wa manya, babu sauran shari'a." Muhuti ya gyara alƙalaminsa. Mutanen Gafasa suka fara kakkaɓe riguna. Gwaggo ta ƙara tamke majanyi ta juya za ta fita, sai na hangi ƙeyarsa, an yi masa aski, da 'yan ƙafafunsa suna lilo a kwiɓinta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ina son ɗana! Allah ya gafarta malam, ni na kawo ƙara, ba wanda ya sa ni. Kada a tafi da shi!"

Alƙali ya ce, "Wane ɗan?" Na ce, "Yaron nan." Ya ce, "Yara suna da yawa a ƙasar Gaya. Ba shi da suna ne?" Na faɗi sunan, karo na farko a rayuwata, da ƙarfi har na waje suka ji. Yaron ya waiwayo.

Daga nan abin bai daɗe ba. Alƙali ya tambaya ko na yi aure, aka ce a'a. Ko an san ni da wani mugun hali ko ciwon da zai hana ni riƙo, tsohon surukina da kansa ya ce bai sani ba, Allah ya jiƙansa, bai yi mini ƙarya ba. Aka yanke cewa yaro ya dawo hannuna, ubansa ya ci gaba da ciyar da shi, ya zo ya gan shi duk sadda ya so.

Na zaci zan yi murna, amma abin da ya biyo baya ya fi komai ciwo. Gwaggo ta kwance goyon tana hawaye, yaro ya ƙanƙame zanenta yana tsala ihu, ya ƙi ni. Da ƙyar aka ɓamɓare shi. Ta miƙo mini majanyin ta ce, "Ba ya shan kunu da zafi, sai an fifita masa." Ta juya ta fita. Har yau ban iya jin haushin matar nan ba.

Na biya kuɗin bakina, ba shakka. Aka yi ta yi da ni a Ajingi, wai ga mara kunyar da ta kira sunan ɗan fari a kotu. Baba ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Wani da ya fara aiko mini da goro ya janye, oho dai, Allah ya raka taki gona.

Gwaggo ta koma Kurmi da mijinta a kakar nan. Ba ta sake zuwa gida ba, har yau a danginsu babu wanda ya san inda kabarinta yake. Da na ƙara yin shiru na ɗan lokacin da za ta taka dokin ƙofar nan, da tare suka tafi.

Abin da na koya shi ne, in abu ya shige maka duhu ka tambayi masu sani, don ba duk abin da gari ya saba yi ne shari'a ba. Amma masani iyakarsa ya raka ka bakin ƙofa. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, sai dai akwai ranar da in uwa ba ta buɗe baki ba, babu wanda zai buɗe mata.