Ranar da Na Zauna a Tabarmar Ƙanena

Karatuna na boko aji biyu ne, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Don haka da aka ce wata mai rubuta wasan talabijin tana nemana, sai na ɗauka ɓatan ƙofa ta yi. Ashe 'yar maƙwabcina ce da ke aiki a Kano, ta dawo Haɗeja tana son rubuta labarin masunta. Mahaifinta ne ya ce mata in dai surutu take nema, ga ni nan kyauta.

Kullum da hantsi take zuwa zaurena da littafi da biro. Na zage na ba ta labarin giwan ruwan da ya ja ni rabin yini a kogi, da kadan da na kora da gora ni kaɗai. Biro ko motsi bai yi ba. Sai ranar da baki ya suɓuce mini, na ce ni da ƙanena na Auyo mun yi shekaru ba ma magana, saboda ya sayar da kwale-kwalen mahaifinmu ya sayi injin ban-ruwa ba tare da ya tambaye ni ba. Nan take ta gyara zama.

Kwana uku ina zayyana mata muguntarsa. A na huɗu ta karanto mini abin da ta rubuta, na ji daɗi, don ƙanen nan ya fito baƙi ƙirin. Ita kuwa sai ta ɓata rai.

"Baba, wannan ba zai kallu ba. Babu wanda ke wayar gari ya ce yau mugunta zan yi. In ban san hujjarsa ba, ba ni da labari."

"To je ki Auyo mana."

"A'a. An ce babu muryar da ba ka iya kwaikwaya. Mu in rubutu ya cije, haka muke yi." Ta shimfiɗa wata tabarma a gabana. "Koma can ka zama shi. Ni ce kai."

Na koma ina dariya, na karkace baki yadda yake yi. Ta ɗaure fuska ta ce, "Kai, don me ka sayar da jirgin Baba?"

Na shaƙe murya na ce, "Yaya, wane jirgi? Wanda ciyawar kacalla ta rufe wa hanya, yana ruɓewa a bakin ruwa?"

Ta ce, "Ai da ka jira ni."

"In jira ka? Kana tafkin Chadi damina uku, ko saƙo babu. Inna tana kwance. Da me zan ciyar da ita, da katako?"

A nan na daina dariya. Ban shirya wannan maganar ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini ita. Ashe tana cikina duk shekarun nan, na zauna a kanta. Yarinyar tana ta rubutu, ta yi kamar ba ta ga idona ba, kuma har gobe ina gode mata da wannan kawaicin.

Ranar Juma'a bayan an sauko na hau babur zuwa Auyo. Na same shi a gonar shinkafa, gemunsa ya yi fari, har ya fi nawa.

"Yaya! Wa ya rasu?"

"Babu kowa. Na zo ne in gaya maka kai ke da gaskiya. Na ma faɗe ta a madadinka, kuma na fi ka iya faɗa."

 Sai ya kashe injin, ya ce in sauko daga kan kunyar nan kafin in faɗa masa cikin shinkafa, ya miƙo hannu ya riƙe ni.