Duwatsun Rafi a Ƙasan Rijiyarmu

Gari bai waye ba na fita daga gida da buhun duwatsu a kafaɗa. Ga dalilin tafiyar. Muna haƙa rijiya a bayan coci, a kan tudu, don matanmu su huta da gangarawa rafi. Da rami ya yi zurfi, masu haƙa suka fara fito da duwatsu masu santsi, mulmulallu kamar ƙwan zabo. Baba Gimba, wanda ya girmi kowa a ƙauyenmu, ya ce a tsaya. A da, irinsu ake ɗebowa daga rafi a jera kan kabarin manya. Ya ce, "Wa zai kai dutsen rafi ƙarƙashin tudu, in ba hannun mutum ba?" Dattawa suka yanke a cike ramin ranar Litinin. Sai malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya roƙa a bar ni in kai duwatsun Kafanchan wurin yayarsa, Mama Ladi, wadda ta yi aikin binciken ƙasa har ta yi ritaya.

Kachia

Ɗan acaɓa ya sauke ni a tasha ana lodin citta. Direban bas ya ɗaga buhuna, ya yi nishi.

"Baba, kowa citta yake kaiwa, kai dutse? An ce maka ya ƙare a Kafanchan?"

Na ce, "Asibiti zan kai su."

Duk motar aka yi dariya. A shingen sojoji ma an kwance buhun. Sojan ya juya ɗaya a hannu, ya dube ni, ya ce mu wuce.

Kwoi

Taya ta fashe daf da gari. Kafin a gyara na sha faten acca a rumfar wata mata, rana ta take.

Kafanchan

Da yamma na sami gidan. Mama Ladi ta zube duwatsun a faranti, ta zuba musu ruwa, ta daɗe tana shafa su.

"Me kuka haƙa kafin ku kai ga waɗannan?"

"Jar ƙasa, Mama. Sai laka, sai yashi."

"Yauwa. Ka ci tuwo ka huta. Gobe za ka gani da idonka."

Ramin kuza

Da safe muka bi hanyar gona zuwa wani tsohon ramin kuza. Bangonsa ya fi rufin cocinmu tsayi, kuma a jere yake hawa-hawa, kamar an shimfiɗa tabarmi kan tabarmi. Na sha wuce irin wannan wuri, ban taɓa tsayawa ba.

Ta nuna can ƙasa da sandarta. Duwatsu ne irin namu sak, sun jingina da juna, duk sun kwanta gefe ɗaya.

"Ruwa mai ƙarfi ne ya mirgino su har suka yi santsi. Yadda suka jingina yana gaya maka inda ya nufa. Nan tsakiyar kogi ne."

Na waiwaya. Ba ruwa ko'ina, sai gonar dawa.

Bisa duwatsun akwai yashi mai layi-layi a karkace. Ta ce wannan ruwan ya rage gudu ke nan. Bisa yashin laka ce mai laushi, ta lokacin da kogin ya kauce, ambaliya kawai ke isowa. Daga nan sai jar ƙasa ta rufe kome.

"Mama, yaushe aka yi wannan?"

"Kafin kakan kakanka. Kafin a sari itacen farko a ƙasar nan."

Na sa tafin hannu a kan yashin. Na cire hula. Allah ya gudanar da kogi a nan ba wanda ya gani, ya kuma ajiye sawunsa.

Ta ce ruwa yakan zauna a tsakanin irin waɗannan duwatsu, laka ta zame masa murfi. "Ban yi maka alkawari ba, Baba. Amma ba kabari kuka taɓa ba."

Gida

Na iso ranar Lahadi ana tashi daga sujada. Na zana wa dattawa bangon a ƙasa da tsinke, hawa bayan hawa. Baba Gimba ya miƙe. Ya sa aka riƙe shi zuwa bakin ramin, aka haska masa tocila. Ya daɗe yana leƙe.

"Duk gefe ɗaya suka kwanta," in ji shi. "Mu ba haka muke jerawa ba. Ku haƙa."

Cikin makon nan ƙasan ramin ya fara jiƙa. Yanzu matata guga take jefawa a bayan coci. Na gode wa Mama Ladi da malaminmu, na gode wa Baba Gimba da ya yarda ya leƙa, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya.